Ikon Aro da Mai Gadinsa: Kujerar Ministan Tsarin Mulki a Sikotland

A majalisar zartarwar gwamnatin Sikotland akwai wata kujera da 'yan adawa suka daɗe suna harara, wato kujerar ministan da ke kula da al'amuran tsarin mulki. Hujjarsu tana shiga kunne. Dokar 1998 da ta kafa majalisar dokokin yankin ta fito fili ta ce maganar gidan sarauta, da maganar haɗin Sikotland da Ingila, da ta majalisar Birtaniya kanta, duk a hannun Landan suke. To, in ji su, ina dalilin naɗa minista, a ba shi albashi da ofis da ma'aikata, a kan abin da doka ta ce ba hurumin gwamnatinsa ba ne? Ba gara a kai kuɗin asibiti ba?

Ban yarda da su ba. A ganina wannan kujera ta zama dole, kuma duk wanda zai mulki Sikotland, mai son ɓallewa ne ko mai son a ci gaba da zama tare, yana bukatar ta. Amma ina da ƙorafi babba a kan SNP, jam'iyyar da ke fafutukar 'yancin kan Sikotland, wadda ta karɓi mulkin yankin a 2007. Ita ce ta ɗora wa kujerar kayan da ba nata ba, ta cakuɗa aikin gadin iyaka da aikin kamfen har mutane suka daina bambance su. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma a wannan haɗi aikin gadin ne ya ji jiki.

Mai karatu a Kano ko Sakkwato zai iya ɗauka Sikotland kamar jiha ce a cikin tarayya. Ba haka ba ne, kuma a nan tushen gardamar yake. A Najeriya, komai ƙarfin Abuja, ba ta isa ta sauya ikon jihohi a kundin tsarin mulki ba sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Birtaniya ba ta da kundi guda da ya fi ƙarfin majalisa. Majalisar Westminster ce ke riƙe da wuƙa da nama, abin da ta bayar da doka tana iya karɓewa da doka. Sashe na 28 na ita wannan doka ta 1998 ya tanadi cewa kafa majalisar Sikotland bai rage wa Westminster ikon yi wa yankin doka ba ko kaɗan. Gaskiya ne a 2016 an ƙara wani tanadi da ya ce majalisar Sikotland ta dindindin ce, ba za a rushe ta ba sai da ƙuri'ar jama'ar yankin. Sai dai shi ma wannan tanadi doka ce kamar kowace, Westminster ce ta yi shi, kuma babu wata majalisa a can da ke iya ɗaure hannun wadda za ta gaje ta. Wanda yake ganin tsoratarwa ce kawai sai ya tuna 1972, lokacin da Landan ta dakatar da majalisar Ireland ta Arewa, wadda ta shekara 50 tana zama, ta koma mulkin yankin kai tsaye.

Halin da Sikotland take ciki kamar na mutumin da aka ba aron gona ne. Ya shekara ashirin da ɗoriya yana noma ta, ya haƙa rijiya, ya dasa itatuwa, 'ya'yansa sun tashi ba su san wata gona ba. Mai gona ya yi masa alkawarin ba zai shigo ba sai ya yi sallama, amma babu takarda, kuma alkali ya riga ya ce alkawarin baki ba ya cikin abin da yake hukunci a kai. Irin wannan mutum, in bai sa wani yana zagaya iyaka kullum ba, wa zai zarga ranar da ya tarar an ci masa kunya uku?

Shi wannan alkawari yana da suna. Ana danganta shi da Lord Sewel, ministan da ya furta shi a majalisar dattawa a 1998, cewa Westminster ba za ta riƙa yin doka a kan abin da aka sakar wa Sikotland ba sai da amincewar majalisar yankin, in ba a wani yanayi na musamman ba. Wa ke yanke cewa yanayi ya zama na musamman? Landan. A 2016 an rubuta alkawarin a cikin doka, mutane suka ɗauka ya samu haƙori. A watan Janairu na 2017, a shari'ar Gina Miller kan ficewa daga Tarayyar Turai, Kotun Ƙoli ta ce al'ada ce ta siyasa, kotu ba za ta tilasta wa kowa bin ta ba. Tun daga ranar ya tabbata cewa babu alkalin da zai tsare wa Sikotland wannan ƙofa. In ba alkali, sai ɗan siyasa. Wannan ɗan siyasa shi ne ministan da muke magana a kansa.

Kusan shekara ashirin alkawarin yana tafiya lami lafiya, shi ya sa a zamanin Donald Dewar, shugaban gwamnatin Sikotland na farko, da waɗanda suka biyo bayansa ba a ji bukatar babbar kujera ta musamman ba. Jam'iyya ɗaya ce, Labour, ke jan ragama a Landan da Edinburgh har zuwa 2007, duk wata matsala ana kashe ta a waya. Ficewa daga Turai ce ta tona asirin tsarin. A ƙuri'ar 23 ga Yuni 2016, kashi 62 cikin ɗari na masu zaɓen Sikotland sun zaɓi a zauna a Tarayyar Turai, dukkan ƙananan hukumominta 32 sun tafi a kan haka, amma rinjayen Birtaniya baki ɗaya ya ce a fita. Sai tambaya ta taso: ikon da zai dawo daga Brussels a kan noma, kamun kifi, muhalli da ingancin abinci, wa zai karɓa? Bisa dokar 1998, duk abin da ba a lissafa a jerin na Landan ba na Sikotland ne. Gwamnatin Theresa May kuwa ta so ya fara sauka a hannunta. Michael Russell, wanda aka naɗa a 2016 don ya jagoranci wannan tattaunawa, daga baya a 2018 aka ɗaga shi zuwa cikakken minista mai kula da dangantakar tsarin mulki, shi ya yi ta zirga-zirga tsakanin Edinburgh da Landan a kan wannan batu.

A watan Mayu na 2018 majalisar Sikotland ta ƙi amincewa da dokar ficewar da ƙuri'a 93 da 30. A lura, ba SNP kaɗai ba ce: Labour da Liberal Democrats, waɗanda ba sa son ɓallewa ko da wasa, sun kaɗa tare da ita. Abin da ya biyo baya a zauren majalisar wakilai ta Landan ranar 12 ga Yuni ya isa ya zama darasi. An cinye lokacin zaman da kaɗa ƙuri'u a kan wasu gyare-gyare, aka bar wa ɓangaren da ya shafi ikon yankuna ƙasa da minti 20. Ministan gwamnati David Lidington ya miƙe ya riƙe magana har lokacin ya ƙare, babu ɗan majalisa ɗaya daga Sikotland da ya samu damar yin nasa jawabin, sai 'yan kutse na tambaya. Washegari jagoran SNP a zauren, Ian Blackford, ya ƙi zama da kakakin majalisa John Bercow ya umarce shi, aka kore shi na yini guda, 'yan jam'iyyarsa suka tashi suka bi shi waje. Dokar ta wuce ba da yardar Sikotland ba. A watan Janairu na 2020 kuma majalisun Sikotland, Wales da Ireland ta Arewa duka uku suka ƙi amincewa da dokar yarjejeniyar ficewa, ita ma ta wuce.

Masu goyon bayan Landan suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa ikon da aka yi ta ihu a kansa a 2018, na daskarar da wasu fannoni na ɗan lokaci, gwamnatin Birtaniya ba ta taɓa amfani da shi ba. Haka ne. Amma me ya sa? Saboda an samu masu zama a teburi wata bayan wata suna tsara yadda gwamnatocin huɗu za su tafiyar da fanni bayan fanni cikin yarda da juna, har amfani da ƙarfin ya zama ba shi da hujja. Wato aikin da ake cewa ba shi da amfani shi ne ya hana a zare takobin.

Wanda yake ganin duk wannan rigimar lauyoyi ce da ba ta taɓa talaka, ya dubi labarin kwalabe. A 2020 majalisar Sikotland ta amince da wani tsari na tsabtace muhalli: duk wanda ya sayi abin sha a kwalba ko gwangwani zai biya ƙarin fene 20, in ya mayar da kwalbar a shago a ba shi kuɗinsa. Tsari ne da ƙasashe irin su Jamus suka daɗe da yi, kuma maganar shara tana cikin ikon Sikotland ba tantama. Sai a ƙarshen wannan shekarar Westminster ta yi dokar kasuwar cikin gida, ba da amincewar majalisun Sikotland da Wales ba, wadda ta ce duk kayan da ya halatta a sayar a wani yanki na Birtaniya ya halatta a sayar da shi a sauran, ko da dokar can ta fi tsauri. Ma'ana, Sikotland tana iya ɗora wa kamfanin da ke Glasgow sharaɗi, amma ba ta iya ɗora wa wanda ya shigo da lemo daga Manchester, sai Landan ta yarda ta ware wannan tsari daga dokar. Manyan shaguna suka fasa gini suka ware wurin injin karɓar kwalabe, masu sarrafa abin sha suka zuba kuɗi, aka ɗauki ma'aikata, aka tanadi motoci. A ƙarshen Mayu na 2023 Landan ta ce ta yarda, amma ban da kwalaben gilashi. A watan Yuni minista Lorna Slater ta tsaya gaban majalisa ta ɗage shirin, kamfanin da aka kafa don gudanar da shi ya durƙushe, ma'aikatansa suka rasa aiki. Har yau ɓangarorin biyu suna musu a kan lokacin da aka miƙa buƙatar warewar a hukumance: Edinburgh ta ce tun da wuri ta fara bin matakan da aka shimfiɗa, Landan ta ce takardar ba ta iso ba sai a makare. Ni a nan nake ganin ainihin aikin ministan tsarin mulki. Kafin mai shago ya fasa bangonsa, ya kamata a ce akwai wanda ya tsaya ya ce babu inda za a je sai an riƙe amincewar Landan a rubuce. Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafi ba aikin ministan muhalli ba ne, aikin mai gadin iyaka ne.

Saboda haka hujjar cewa tsarin mulki na Landan ne, don haka Sikotland ba ta bukatar minista a kai, ta juya gaskiya ne. Don na Landan ne ma ake bukatar sa. Kuma in ƙirƙirar 'yan aware ce, me za a ce da Wales? A can gwamnatin Labour ce, mai son haɗin kan Birtaniya, ta naɗa Mick Antoniw a 2021 a matsayin babban lauyanta kuma ministan tsarin mulki. Ita ce ta kai ƙarar dokar kasuwar cikin gida kotu. Ita ce ta kafa hukuma mai zaman kanta ƙarƙashin Laura McAllister da tsohon Akbishop na Canterbury, Rowan Williams, wadda a rahotonta na Janairu 2024 ta nuna cewa tsarin da ake kai ba shi da tabbas, yana bukatar kariyar doka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a Cardiff ma ɗakin na yoyo duk da cewa masu ɗakin ba sa neman ƙaura.

Maganar kuɗi kuwa ba na son in raina ta, domin masu yin ta suna da abin nunawa. A 2020 mutum 1,339 suka mutu a Sikotland sanadiyyar miyagun ƙwayoyi, adadin da ya zama abin kunya a duk Turai. Jiragen ruwa biyu da aka ba da kwangilarsu a 2015 a kan fam miliyan 97 don mutanen tsibirai, na farkonsu bai fara ɗaukar fasinja ba sai Janairu 2025, bayan kuɗin ya ninka har sau da yawa. Wanda ɗansa ya mutu, ko wanda jirgi ya bar shi a tsibiri, yana da haƙƙin jin haushi in ya ga gwamnati ta duƙufa a kan sashe kaza na doka kaza. Amma a kasafin da ya kai kusan fam biliyan 60 a 2024, albashin minista ɗaya da 'yan ma'aikatansa ba shi ne ya hana gina asibiti ba. Hasali ma kuɗin asibitin kansa daga wannan teburi yake fitowa. Yawan abin da baitulmalin Landan ke turowa, da yadda ake lissafin ragi tun da aka sakar wa Sikotland ikon tsayar da harajin albashi a 2016, da iyakar bashin da aka yarda ta ci, duk a tattaunawa tsakanin gwamnatocin biyu ake yanke su. Abin da ke ciwo ba kuɗi ba ne, hankali ne. Shugabanni suna da awoyi ƙididdigaggu a rana, kuma a kan wannan masu sukar suna da gaskiya.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bayan zaɓen 2021 shugabar gwamnatin Sikotland Nicola Sturgeon ta naɗa Angus Robertson a kujerar. Gogagge ne: tsohon ɗan jarida a Vienna, ya wakilci mazaɓar Moray a Westminster daga 2001 zuwa 2017, ya shekara goma yana jagorantar SNP a can. Amma tun farko an san cewa babban abin da aka sa a gabansa shi ne ƙuri'ar raba gardama ta biyu kan 'yancin kai, bayan ta 2014. Daga Yuni 2022 gwamnati ta fara fitar da jerin takardu fiye da goma, ma'aikatan gwamnati ne suka rubuta, suna bayyana yadda Sikotland mai cin gashin kanta za ta tafiyar da kuɗinta, fasfonta, tsaronta da sauransu. An sa ranar 19 ga Oktoba 2023 ta zama ranar ƙuri'a, an ware fam miliyan 20. Ranar 23 ga Nuwamba 2022 Kotun Ƙoli, baki ɗaya, ta bakin shugabanta Lord Reed, ta ce majalisar Sikotland ba ta da ikon shirya wannan ƙuri'a sai da izinin Westminster. Na yaba wa Sturgeon da ta bi ta kotu ba ta bi hanyar Kataloniya ta shirya ƙuri'a ba da izini ba, kuma kuɗin an karkatar da shi zuwa tallafin masu fama da tsadar makamashi. Amma bayan hukuncin, maimakon a koma kan aiki, sai Humza Yousaf, wanda ya gaji Sturgeon, ya zo a Maris 2023 ya ƙara sabuwar kujera ta ƙaramin ministan 'yancin kai, ya ba Jamie Hepburn. Me wannan minista zai yi da safe in ya shiga ofis, alhali kotu ta rufe ƙofar? John Swinney, magajin Yousaf, ya soke kujerar a Mayu 2024, kuma ya yi daidai. Wata biyu bayan haka, a babban zaɓen Birtaniya, kujerun SNP suka faɗo daga 48 da ta ci a 2019 zuwa 9.

'Yan SNP za su ce jama'a ne suka ba su wannan aiki. A 2021 sun ci kujeru 64, jam'iyyar Greens ta ci 8, wato 72 cikin 129 na masu son 'yancin kai ne, kuma sun faɗi manufarsu kafin zaɓe. Ina girmama wannan hujja, kuma ba na cikin masu cewa haramun ne zaɓaɓɓiyar gwamnati ta sa ma'aikata su yi nazarin manufarta. Matsalata ta dabam ce. Mutumin da zai zauna da ministan Landan da safe ya ce ina so wannan tsari ya yi aiki, sannan da yamma ya hau mumbari ya ce wannan tsari ba zai taɓa aiki ba, da wane baki za a yarda da shi? In tattaunawa ta yi nasara, ya raunana hujjar jam'iyyarsa. In ta rushe, ya samu abin faɗa a taron gangami. Ko da zuciyarsa fara ce tas, abokin tattaunawarsa yana da dalilin zargi, kuma ɗan Sikotland mai son zama a Birtaniya, wanda shi ma ikon majalisarsa ake ci, sai ya ɗauka duk kukan na siyasa ne ya toshe kunne. Kashi 55 cikin ɗari ne suka ƙi ɓallewa a 2014. Mai gadin iyaka da rabin mutanen gida ba su yarda da shi ba, ihunsa ba ya tara jama'a.

Ga misalin ɓarnar da wannan hali ke jawowa. A Maris 2021 majalisar Sikotland baki ɗayanta ta amince da dokar da za ta shigar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara cikin dokokin yankin. Babu wanda ya ƙi manufar. Amma an rubuta ta yadda za ta taɓa dokokin Westminster ma, duk da an ja kunnen gwamnati tun kafin a kaɗa ƙuri'a. A Oktoba Kotun Ƙoli ta ce wasu sassan sun wuce gona da iri. Sai Disamba 2023 aka gyara, sai Yuli 2024 ta fara aiki. Shekara uku yara suna jira saboda an so a gwada ƙarfin katanga. Ministan tsarin mulki na gaske aikinsa ya haɗa da ce wa abokan aikinsa a'a, ba Landan kaɗai ba.

Sai kuma lodin da aka yi wa kujerar. A hannun Robertson an haɗa tsarin mulki da hulɗa da ƙasashen waje da al'adu, har da ƙidayar jama'a. Ƙidayar 2022, wadda aka jinkirta da shekara guda, ta tsaya a kusan kashi 89 cikin ɗari na gidaje bayan an ƙara wa'adi, alhali Ingila da Wales sun samu 97. A Agusta 2024, ana tsakiyar bikin wasanni na Edinburgh, hukumar tallafa wa masu fasaha ta rufe wani asusu saboda rashin tabbas na kuɗi, 'yan wasa suka riƙa yin ƙorafi a kan dandamali, sai da aka dawo da shi. A cikin wannan watan ne kuma ya gana da mataimakiyar jakadan Isra'ila ana tsakiyar ruwan wuta a Gaza, 'yan jam'iyyarsa suka yi masa ca, har ya nemi afuwa kan cewa ganawar ba ta tsaya ga batun tsagaita wuta kaɗai ba. Mutum ɗaya, wuta ta ko'ina. Yaushe zai zauna ya karanta ƙananan ƙa'idojin da Landan ke fitarwa, inda ake cin iyakar a hankali ba tare da an yi shela ba?

Ba ina cewa Sikotland ta rufe ofisoshinta na waje ba ne. Gwamnatin Labour ta Jack McConnell ce ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da Malawi a 2005, ba SNP ba. Kuma wasiƙar da David Cameron, yana ministan harkokin waje, ya aika wa Robertson a Disamba 2023, yana barazanar janye taimakon ofisoshin jakadanci saboda Yousaf ya gana da shugaban Turkiyya Erdogan a taron sauyin yanayi na Dubai babu jami'in Landan a wurin, ni a wurina wuce wuri ce da ƙanƙantar da zaɓaɓɓen shugaba. Amma waɗannan rigingimu su ne ke cika jaridu, su ne kuma ke sa a ɗauka ministan tsarin mulki ɗan yawon duniya ne mai neman tsokana.

Suka mafi ƙarfi da na ji ita ce wannan: duk kujerar da aka kafa don rigima sai ta nemo rigima, ko don ta nuna tana da aiki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma tarihin kujerar kansa ya ba da amsa. A 2012 Sturgeon, tana mataimakiyar shugaban gwamnati kuma mai riƙe da batun tsarin mulki, ta zauna da Michael Moore, ministan Birtaniya mai kula da Sikotland, suka warware abubuwa ɗaya bayan ɗaya: tambaya guda ce za a yi ba biyu ba, majalisar Sikotland ce za ta sa rana ta kuma yanke ko 'yan shekara 16 da 17 za su kaɗa, hukumar zaɓe za ta duba lafazin tambayar. Ranar 15 ga Oktoba David Cameron, yana firaministan Birtaniya, da Alex Salmond, shugaban gwamnatin Sikotland, suka sa hannu a Edinburgh, aka ba majalisar yankin aron iko ta sashe na 30. Ranar 18 ga Satumba 2014 kusan kashi 85 cikin ɗari na masu rajista suka fito, wanda ya faɗi ya karɓi faɗuwa kafin gari ya gama wayewa, ba a zubar da jini ba, ba a je kotu ba. Mu da muka san abin da maganar ɓallewa ta jawo a Najeriya daga 1967 zuwa 1970 bai kamata mu ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Ministoci biyu masu saɓanin aƙida ne suka samar da shi, don kowannensu ya ɗauki aikin a matsayin neman mafita.

Abin da nake so in gani shi ne a sauke wa kujerar kaya. A mayar da al'adu ga wani, hulɗar waje ga wani, kamfen ɗin 'yancin kai kuma ya koma ofishin jam'iyya da aljihun mambobinta. Shi ministan a ɗora masa ya riƙa zuwa gaban majalisa lokaci-lokaci da lissafi: dokoki nawa Westminster ta yi a fanninmu, nawa muka amince, nawa aka wuce da su ba da yardarmu ba, wane ƙudurinmu ne ke dab da tsallake iyaka. Irin wannan lissafi ɗan Conservative ma zai iya karantawa ya gyaɗa kai. Zuwan Keir Starmer a 2024 ya sassauta harshe, ya kira taron shugabannin yankuna a Edinburgh a watan Oktoba, amma dokar kasuwar cikin gida ba a soke ta ba, alkawarin Sewel kuma bai samu ƙarfin da hukumar tsohon firaminista Gordon Brown ta ba da shawara a 2022 ba. Fara'ar firaminista ba kariya ba ce, gobe wani ne.

Akwai kuma tambayar da hukuncin 2022 ya bari a buɗe. In haɗin Birtaniya na son rai ne kamar yadda shugabanninta ke faɗa, ta wace ƙofa mai son fita zai nemi fita? Theresa May ta ƙi a 2017, Boris Johnson ya ƙi a 2020, babu wanda ya faɗi sharaɗin da in an cika za a yarda. Ireland ta Arewa tana da nata a rubuce tun yarjejeniyar 1998: in alamu suka nuna rinjaye na son haɗewa da Jamhuriyar Ireland, wajibi ne ministan Birtaniya ya kira ƙuri'a, kuma ba a sake wata sai bayan shekara bakwai. Neman irin wannan ƙa'ida ga Sikotland ba kamfen ɗin ɓallewa ba ne, domin mai son zama tare ma zai amfana, zai san ba za a tashe shi da ƙuri'a duk bayan zaɓe ba. Takardar neman wannan ƙa'ida, haɗe da ta ba alkawarin Sewel ƙarfin doka, ita nake so ministan ya rubuta, ya fara kai ta ga 'yan adawa a majalisarsa, sannan ga takwarorinsa a Cardiff da Belfast, kafin ya hau jirgin Landan. A 2018 Landan ta samu sauƙi ne saboda gwamnatin Wales ta sasanta da ita a watan Afrilu, Sikotland ta rage ita kaɗai a teburin.